HIRAR TSAKAR GIDA: Wane Ne Sarkin Ƙofar Gidanka?

Muna gaishe ku daga nan ƙasar Kura da Bunkure, inda aka gama yankan alkama, tumatir ya ja baya a lambu, rana kuwa tana dukan kowa ba sani ba sabo.

Hirarmu ta wannan wata a kan ƙofa take. Ga abin da ya kawo ta. Makon jiya mun kai ɗanmu na fari birnin Kano wurin kawunsa, domin ya koyi gyaran injin ban ruwa. Shekararsa 16, bai kuwa taɓa yin kwana bakwai a jere a wani gida ba in ba namu ba. Tun da aka sa ranar tafiya uwarsa ta rage cin abinci, in dare ya yi sai mu ji tana ta juyi. Ba mu ga laifinta ba. A ƙauyukan nan namu kowa ya san samari waɗanda suka tafi birni da hankalinsu, suka komo ba shi. Wani ƙwaya ta cinye shi, wani cacar waya ta sa ya taɓa kuɗin maigidansa, wani kuwa lafiyarsa lau, amma ya manta hanyar majami'a. Mu ma akwai maganar da muke so mu faɗa wa yaron, amma mun rasa ta inda za mu kamo ta. Saboda haka muka ce ba za mu miƙa shi a tasha mu juyo ba. Za mu tafi dukanmu, mu zaga da yara su ga ƙofofin birni, ko Allah ya ba mu bakin magana a hanya.

Da sassafe muka shiga mota a Bunkure, muka ɓullo Karfi, muka hau titin Zariya, muka ƙetare gadar Tamburawa. Daga tashar Na'ibawa muka ɗauki a-daidaita-sahu har Ƙofar Nassarawa. Nan muka sauka, muka tsaya a gefe muna ɗaga kai, yadda baƙauye ya saba. Ƙofar tana da tsayi da faɗi, da zankwaye a bisa irin na gidajen sarauta. Ga gadar sama kusa da ita, motoci suna ta wucewa ba hutawa.

Autarmu mai shekara 7 ta duba dama, ta duba hagu, sai ta ja mana riga ta ce, “Baba, ina ƙyauren?”

Muka ce, “Ai babu.”

Ta ce, “To, in dare ya yi wa yake rufewa?”

Muka ce, “Ba mai rufewa.”

Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, “Ashe kowa ma sai ya shiga, har ɓarawo.” Yayyenta suka yi dariya. Mu ba mu yi ba, gama yarinyar ta ba mu bakin maganar da muke nema.

Akwai ƙofofi a manyan biranen duniya waɗanda tun farko ba a yi su da ƙyaure ba. Ba bango a damansu, ba bango a hagunsu, suna tsaye su kaɗai a tsakiyar fili domin ado da tunawa. A birnin Roma akwai wata mai baka ɗaya, an gina ta wajen shekara ta 81 bayan haihuwar Ubangijinmu, domin girmama Sarki Titus. Ba Titus abokin aikin Manzo Bulus ba ne, wannan shi ne jarumin da ya rushe Urushalima da Haikali a shekara ta 70, kamar yadda Yesu ya riga ya faɗa wa almajiransa. Har wa yau ana ganin siffar sojoji a jikin dutsen, suna ɗauke da alkukin nan mai rassa bakwai da suka kwaso daga Haikali. A Faris ta ƙasar Faransa akwai wata mai tsayin wajen mita 50. Nafoliyon ya ba da umarnin gina ta a 1806 domin yabon sojojinsa, amma ya mutu a 1821, ba a kuwa gama ta ba sai 1836. Gawarsa ce aka ratsa da ita ta ƙarƙashin ƙofar a 1840. A Akara ta ƙasar Gana ma akwai wadda aka gina a zamanin Nkrumah, da baƙin tauraro a bisanta, domin tunawa da 'yancin kai na 1957. Dukansu abin kallo ne, amma ba wadda ta taɓa hana kowa shiga ko'ina.

Ƙofofin Kano ba haka aka fara su ba. Ƙofofin aiki ne. Bisa ga tarihin sarakunan Kano, Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara a nasa zamani, tsakanin 1618 da 1623. Turawan da suka gan ta a 1903 sun rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa ƙafa 40. Duk da hannu aka yi wannan aiki, da ƙasa da ruwa da kwando a ka. Ruwan damina yakan zaizaye ta, sai a kira jama'a gayya a gyara.

Mun tsaya a kan wannan kaɗan da yara, domin wani lokaci akan ce musu tun da suna bin Yesu sun fita daga cikin Hausawa, ba su da rabo a tarihin Kano. Muka ce musu su ɗaga kai su dubi ƙofar da kyau. An fara ganuwar nan fiye da shekara 200 kafin zamanin Sarki Yaji, wanda a lokacinsa ne Musulunci ya kafu a fada. Talakawan ƙasar Kano ne suka haƙa ƙasar suka ɗauka, kakanninmu ke nan mu da maƙwabtanmu Musulmi. Gādonmu ne tare. Wanda kuwa yake da rabo a gādo, yana da rabo a koyon darasin da ke cikinsa.

A da, ƙofar birni matsattsiya ce, mai zurfi kamar zaure. Akan shigar da ita ciki kaɗan daga layin ganuwa, domin duk wanda ya zo da mugun nufi ya sami kansa tsakanin maharba biyu, na dama da na hagu. Kowace ƙofa tana da mai tsaronta, shi ne sarkin ƙofa, gidansa kuwa yana nan kusa. In dare ya yi ya rufe, wanda ya makara ya kwana a waje. In gari ya waye ya buɗe, fatake da masu itace da masu nono su shiga. Ta irin waɗannan ƙofofi ne marinan Kura suke shigar da turkudi da rawanin nan mai walƙiya da ake kira Ɗan Kura, su kai kasuwar Kurmi, daga can Buzaye su ɗauka har cikin hamada. Da sarkin ƙofa ya ce don tsoron ɓarawo ba zai buɗe ba, da birni ya mutu da yunwa, da marinan Kura sun rasa kasuwa. Da kuma ya bar ta a buɗe dare da rana, da mahara sun kwashe mutane. Aikinsa duka shi ne ya san lokaci, ya kuma san fuska.

Zamani ya juya. Mota ta zo, ƙofa ta yi mata kaɗan. A 1937 aka huda ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa. Sannu a hankali aka rushe tsofaffin ƙofofi aka sāke su da siminti, masu faɗi. Ƙofar Na'isa ma an rushe ta a 2010 domin a faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Ganuwar kuwa, wani wuri ruwa ya ci, wani wuri mutane sun ɗebi ƙasar, wani wuri an yi gini a kanta. Ƙofofin aiki sun zama ƙofofin ado.

Daga Ƙofar Nassarawa muka bi titin gidan Sarki har Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi. A nan autarmu ta sami abin da take nema. Ga tsofaffin ƙyamaren ƙarfe na ƙofofin birni an ajiye su, baƙaƙe, masu nauyi, aikin maƙeran da. Ta tsaya tana kallo, ta ce, “Baba, ga shi nan, amma ba ya rufe kome.” Gaskiyarta. Ƙyaure a gidan tarihi, ƙofa a bakin titi, sarkin ƙofa ba aiki.

A nan ne muka ba yaran labarin 1903. A ƙarshen watan Janairu na wannan shekara Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojojinsa. A hanya suka iske Bebeji, maƙwabciyarmu, ta rufe ƙofa ta ƙi buɗewa, sai suka fasa ƙofar da igwa. Ran 3 ga Fabrairu suka iso Kano, suka shiga ta Ƙofar Kabuga. Abu biyu muka roƙi yara su riƙe. Na ɗaya, Sarki Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato da yawancin mahayansa. Na biyu, ganuwar da ta tsare birni daga kibiya da mashi shekaru ɗaruruwa, ba a gina ta domin igwa ba. Masu tsaro sun shirya wa irin yaƙin da suka sani, sai ga wani iri dabam ya zo.

Da muka fito, ga Ƙofar Kudu ta gidan Sarki a gabanmu, doguwa, mai kwarjini. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina ta, fiye da shekara 140 ke nan. A filin da ke gabanta ne bisa al'ada ake yin Hawan Daushe kashegarin Salla, hakimai su zo a kan dawakai su yi wa Sarki jinjina. Wannan kam ƙofar ado ce, amma ba ado kaɗai ba. Ga dogarai a bakinta da rigunansu ja da kore. Ba mai kutsa kai haka nan, sai ya yi sallama an yi masa iso. Autarmu ta ce, “Yauwa, wannan ce ƙofa.”

Rana ta take, muka sami inuwar wata darbejiya muka zauna, uwargida ta kwance ƙunshin dambu. Nan muka juya wajen ɗanmu.

Ku da ba ku zauna a ƙasar noman rani ba, bari mu bayyana muku wani abu. Ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Yana gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya iso bakin gonakinmu a Kadawa da Kura da Bunkure. A kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe da ake murɗawa ta ɗaga ko ta sauka. A bakin gona kuma manomi yana sa tiyo ya jawo ruwa cikin fangali. In ka hana alkama ruwa ta bushe. In ka bar mata ruwa ya wuce kima ta ruɓe. Kowane manomin rani sarkin ƙofa ne a gonarsa.

Shekara huɗu da suka wuce muka bar yaron nan ya tsare ruwa a gonar alkama da daddare, muka ce in fangalin ƙarshe ya cika ya cire tiyo. Barci ya sace shi. Ruwa ya cika, ya fasa kunya, ya malala cikin albasar maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi mai mutunci. Albasa ta lalace. Dattawa suka yanka mana buhu biyu na alkama, shi kuwa ya karɓi ɗaya ya yafe ɗaya, ya ce ɗa na kowa ne.

Muka ce wa ɗanmu, “Ka tuna daren albasar Malam?” Ya sunkuyar da kai. Muka ce, “Ba mu tuna maka don mu kunyata ka ba. Shekara 16 mu ne muke tsaron ƙofarka. Mun san abokanka, mun san inda kake kwana, mun san abin da ke aljihunka. Daga yau ba mu nan. Kawunka zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yana da shago da iyali. Kai ne sarkin ƙofa yanzu. Abokin da za ka bari ya shiga zuciyarka, da abin da za ka kalla a waya, da kuɗin mutane da za su ratsa hannunka, kai za ka buɗe, kai za ka rufe. Kada ka rufe wa kowa don tsoro, gama ka zo koyo ne, za ka kuwa sami mutanen kirki cikin Kirista da Musulmi. Amma ka san lokaci, ka san fuska.”

Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ɗago ya ce, “Baba, in barci ya sāke sace ni fa?”

Mu dai muka rasa amsa. Uwarsa ce ta amsa. Ta ce, “Ɗana, ka san abin da ya cece mu a daren nan? Da ka farka ka ga ɓarna, ba ka gudu ba, ba ka ɓoye ba. Ka cire tiyo, ka rugo gida da kuka ka tashi babanka. Shi ya sa gona ɗaya ta lalace, ba uku ba. In ka yi barci, ka farka ka rufe, ka zo ka faɗa. Ƙofar gidanmu ba za ta rufu a gabanka ba.” Sa'an nan ta ciro Littafi Mai Tsarki daga jakarta, wanda ta saya da kuɗin tumatirinta, ta sa masa alama a Zabura 121, inda aka nuna mana cewa Mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi. A gindin darbejiyar nan muka sunkuyar da kai muka yi addu'a, mutane suna ta wucewa.

Yanzu bari mu juyo gare ku, iyaye. Gidaje da yawa na masu bi sun zama kamar ƙofar da autarmu ta gani. Daga nesa ga kyau: an rubuta aya a bango, ana zuwa sujada ran Lahadi da tufafi masu tsabta, uwa tana cikin zumuntar mata, uba yana cikin dattawa. Amma in dare ya yi ba mai rufewa. Muna da shawara uku.

Ta fari, mai tsaro ya kasance a gida. Mun san wahalar noman rani. Mutum ya fita tun duhu, ya komo bayan duhu, in layin ruwansa ya faɗo da dare ya kwana a gona. Waɗansu kuma cin rani ya kai su nesa. Duk da haka ku yi ƙoƙari a ci tuwon dare tare, a yi addu'ar iyali ko ta minti goma ce. A bakin akushi ne uba yake gane yaron da fuskarsa ta sāke.

Ta biyu, ku san sabuwar ƙofa. Kakanninmu sun gina zaure domin baƙo ya tsaya ya yi sallama. Yau baƙo yana shiga har ɗakin 'ya'yanmu ta wayar da ke aljihu, ba sallama ba iso. Ita ce igwar zamaninmu, tsohuwar katanga ba ta tare ta. Ba mu ce ku hana waya ba, gama da ita muke jin farashin tumatir a Kwanar Gafan, da ita za mu ji muryar ɗanmu. Amma a gidanmu mun yi doka, wayoyi duka suna kwana wuri ɗaya a ɗakin iyaye, kowa kuma yana iya duba ta kowa, har da ta baba. Mai tsaron da ba ya yarda a duba kayansa, ba wanda zai yarda da shi.

Ta uku, ku koyi buɗewa. Gidan da kullum yake a kulle, da faɗa da bulala, yaransa sukan koyi tsallake katanga. Ku buɗe wa tambayoyinsu, ko da masu nauyi ne. Ku buɗe wa abokansu su zo su ci abinci, ku ga fuskokinsu. Ku buɗe wa baƙo da maƙwabci. Fiye da duka, ku buɗe wa yaron da ya yi ɓarna ya komo, yadda uban nan na cikin Luka 15 ya yi. Ku kuma tuna, tsaronmu na ɗan lokaci ne. Ranar miƙa mabuɗi tana zuwa, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Gara mu fara koya musu riƙe shi tun suna gabanmu.

Sa'ad da Nehemiya ya gyara garun Urushalima, mutane da yawa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu, aikin kuwa ya ƙare cikin kwana 52. Da aka kafa ƙyamare, abu na fari da ya yi shi ne ya sa matsara, ya faɗa musu lokacin buɗewa da lokacin rufewa. Kada mu zauna muna kukan lalacewar zamani. Kowa ya gyara daura da gidansa. Amma kada mu dogara ga ƙarfinmu, gama Zabura 127 ta koya mana cewa tsaron da ba Ubangiji a ciki wahalar banza ce. Yesu ya kira kansa ƙofar tumaki. Yaron da ya shiga ta wurinsa yana da Makiyayi a Kano kamar yadda yake da shi a Bunkure.

Da la'asar muka kai ɗanmu shagon kawunsa. Ku ji inda shagon yake: kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. Kawunsa ya yi dariya ya ce, “Yaya, kun ɗauko shi daga ƙofar ruwa kun kawo shi Ƙofar Ruwa.” Muka yi sallama. A mota uwarsa ba ta ce uffan ba har muka wuce Tamburawa. Da muka isa gida muka tura ƙyaure muka sa sakata, tabarma ɗaya tana naɗe a jikin bango. Muna roƙonku ku sa shi cikin addu'a, shi da dukan 'ya'yanmu da ke birane.

In hali ya yi, ku kai yaranku su ga ƙofofin nan tun sauran ganuwar tana tsaye. Kuɗin mota ne kawai da na shiga Gidan Makama. Ku bar su su yi tambaya.

Ga karatun addu'ar iyali na mako guda. Litinin, Nehemiya 3. Talata, Nehemiya 7:1-4. Laraba, Misalai 4:20-27. Alhamis, Zabura 121 da 127. Jumma'a, Luka 15:11-32. Asabar, Yohanna 10:1-18. Lahadi, Ru'ya ta Yohanna 21:9-27, inda aka nuna mana birni mai ƙofofi 12 waɗanda ba za a rufe su ba, domin babu dare a can. Bayan karatu ku tambayi juna, wace ƙofa ce a gidan nan take buɗe ba mai tsaro, wace ce kuma muka rufe da ya kamata mu buɗe?

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.